Magani kala tara, likita uku, tsoho ɗaya: wa zai dube shi gaba ɗaya?

Ɗan_Zangon_Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Mahaifina shekararsa 78, fiye da rabinsu a nan Agege ya yi su, harkar goro yake yi kafin ƙarfi ya ƙare. Yana da hawan jini da suga, ga ciwon gwiwa, ga matsalar fitsari da ta taso bara. Likitan hawan jini daban, na suga daban, na fitsari daban, kowa da ranarsa. Daren jiya na zazzage ledar maganinsa a kan tabarma na ƙirga, kala tara. Biyu daga ciki ma ba likita ya rubuta ba, yaron kemis na bakin layinmu ne ya ba shi, ɗaya na gwiwa ɗaya na barci.

Kwana goma da suka wuce ya faɗi a bayi da asuba, Allah ya kiyaye bai karye ba. To tun daga ranar sai ruɗewa. Yana kira na da sunan ƙanensa da ya rasu tun ina yaro, da tsakar dare ya ce a buɗe masa ƙofa zai je tashar jirgi ya tari kaya. Yayyena na Kano sun ce gigin tsufa ne, in sa shi a mota in kai shi gida. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mutumin da watan jiya yake lissafa kuɗin hayar shaguna da ka?

A cikin likitocin nan uku, wa ya kamata ya dubi tsohon nan gaba ɗayansa? Ko aikinmu ne mu 'ya'ya?

Hajiya_Mile12:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, kar ka sa shi a mota tukuna.

Nas_IdiAraba:
Malam, ka bar karanta sauran amsoshi ka kai shi asibiti yau, sashen gaggawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ka kwatanta bai yi kama da gigin tsufa ba. Gigin tsufa a hankali yake shiga, wata da watanni, shekara da shekaru. Yau ya manta inda ya ajiye carbi, baɗi ya ɓata a hanyar masallaci. Ruɗewar da ta zo cikin kwanaki, ta lafa da rana ta tashi da dare, yawanci wani abu ne ke faruwa a jiki, kuma sau da yawa ana magance shi. A wajen tsofaffi ciwon sanyin mafitsara kan jawo ta ko babu zazzaɓi. Haka faɗuwar suga, ƙarancin ruwa ko gishiri a jini, riƙewar fitsari, da maganin barci. Tun da ya faɗi kuma, ka gaya musu ko ya bugu a kai, don jini kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kan tsoho, sai bayan kwanaki alama ta fito.

Ka tafi da ledar nan dukanta, har da na kemis, har da jiƙo in yana sha. Kar ka ɓoye komai don tsoron faɗa.

Bakatsine_Apapa:
Ni dai ina bayan yayyenka. Legas wurin nema ne, ba wurin tsufa ba. Tsoho yana ɗaki ɗaya, ga hayaƙin janareta, ga bene, ga gosulo in za a je asibiti. A gida kuwa ga tsakar gida, ga jikoki, ga abokansa a ƙofar masallaci. Namu tsohon da muka mayar da shi Funtuwa har ƙiba ya yi.

Ummu_Ketu:
@Bakatsine_Apapa ka karanta kuwa? Ya ce fiye da rabin shekarunsa mutumin yana Agege. Abokansa na ƙofar masallaci a Agege suke. Na Kano ƙila rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kuma tafiyar kusan kilomita 1,000 da mutumin da bai san inda kansa yake ba?

Likitan_Iyali:
Ina goyon bayan Sista ɗari bisa ɗari, a fara da gaggawa. Bari in amsa ainihin tambayar kuma.

Akwai fanni guda a likitanci na kula da tsofaffi, kamar yadda ake da likitan yara. Dalilin kuwa shi ne jikin ɗan shekara 78 ba na ɗan 40 ba ne. Ƙoda da hanta sun rage saurin fitar da magani, ƙwayar da za ta bar jikinka da safe shi tana nan a jininsa har wani daren. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Cibiya ta farko da aka gina musamman don haka ita ce ta Cif Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan, a 2012 aka buɗe ta. Saboda haka a aikace, wanda ya fi dacewa ya riƙe Baba shi ne likitan iyali. Sashen yana nan a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. Aikinsa ya tattara abin da sauran suka rubuta, ya ga wanne ya ci karo da wanne, ya yanke abin da za a bari.

Ga misalin da nake gani kullum, ban ce shi ne na Baba ba. A ba tsoho amlodifin don hawan jini, ƙafa ta kumbura, don halin maganin ne. Wani likitan ya ga kumburi ya ƙara maganin fitar da ruwa. Tsoho ya koma tashi fitsari sau huɗu a dare, barci ya gagara, sai a sayo masa na barci. Ga kuma maganin buɗe hanyar fitsari irin su tamsulosin, wanda kan sa jiri in an miƙe tsaye farat ɗaya. Da asuba ya tashi cikin magagi, ƙasan bayi da santsi. Kowane likita in ka dubi takardarsa ita kaɗai bai yi laifi ba, amma ga tsoho a ƙasa.

Mukan ce da zarar magani ya kai kala 5 a kullum, to lokaci ya yi da wani zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Rage magani ma aikin likita ne, kuma ya fi ƙarawa wuya.

Ɗan_Zangon_Agege:
Subhanallah. Likita, kamar kana gidanmu. Ƙafar ta kumbura wajen babbar Sallah, daga nan aka ƙara wata 'yar ƙaramar ƙwaya ta safe. Mun kama hanya yanzu, na samu maƙwabci mai mota.

Famasis_Mushin:
Allah ya sa a dace. Kafin ya dawo bari in yi magana kan biyun nan na kemis, don ba gidansu kaɗai ba ne. Na gwiwa da ake ba tsofaffi galibi diklofenak ne ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci ma a haɗa biyu a ƙulla a leda. Suna kashe ciwo, ba musu. Amma shan su kullum ga mai hawan jini da suga na iya taɓa ƙoda, ya ƙara hawan jinin, ya ɓula ciki har a yi baƙin bahaya. Sai ka ga likita na ta ƙara maganin hawan jini bai san akwai abin da ke warware masa aiki a gida ba. Na barci kuma in diyazefam ne, yana daɗewa a jikin tsoho sosai, yana cikin manyan masu jawo faɗuwa. In ya daɗe yana sha kar a yanke masa dare ɗaya, likita ne zai janye shi sannu a hankali.

Sai na suga. Tsohon maganin nan gilibenkilamaid yana da arha, amma yana iya kayar da sugan tsoho, balle wanda cin abincinsa ya ragu. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, suga ya faɗi. Gumi, karkarwa, surutai marasa kan gado. Mutane su ce aljanu.

A sani kuma, kemis daban, kantin magani mai famasis daban. Mai kemis iyakarsa magungunan da ba sa buƙatar takardar likita.

Mai_Kemis_Alaba:
To an zo kanmu. Kullum mai kemis ne mai laifi. Ranka ya daɗe, tsoho zai zo min ƙarfe tara na dare yana dafa bango, ɗansa yana can kasuwa, ranar ganin likitansa sai nan da wata biyu. In ce masa me? Mu muke ba da bashi, mu muke auna musu jini kyauta, mu muke jin Hausarsu. Ni ban sayar da na barci, wannan na yarda kuskure ne. Amma ku daina yi kamar akwai wani wuri da ke jiransu da hannu biyu.

Famasis_Mushin:
Ban ce ku rufe shago ba, Alhaji. Kun fi kowa kusa da su, shi ya sa nauyin ya hau kanku. Tambaya ɗaya tak kafin ka miƙa: Baba, kana da hawan jini ko suga ko ciwon ƙoda? In ya ce e, farasitamol da man shafawa, sannan ka kira ɗansa.

Binta_Obalende:
Akwai abin da Mai_Kemis ya faɗa da kowa ya tsallake: "mu muke jin Hausarsu." Nan gizo ke saƙar. Babana shekara 30 a Legas, Yarabancin ciniki yake ji da ɗan Turancin kasuwa, amma bai isa ya kwatanta ciwo da su ba. Ni ce tafinta. Likita ya tambaye shi yadda fitsarinsa yake, yana tsayawa? yana ɗiga? sau nawa yake tashi da dare? Ni 'yarsa ta fari zan juya masa wannan? Ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau. Ni ma na ce wa likita lafiya lau, alhali ni ke wanke zanin gadonsa. Wata shida muka yi a haka har ranar da fitsarin ya tsaya cak, aka sa masa roba da tsakar dare yana hawaye.

Daga baya wani nas namiji ɗan Arewa da muka ci karo da shi ya ce in fita, suka keɓe minti goma, ya fito da bayanin da ban taɓa ji ba. Tun daga nan ƙanen babana ke raka shi, ni in tsaya a waje da jakar magani.

Nas_IdiAraba:
Binta, Allah ya saka miki. Wannan darasi ne gare mu ma. Tsohonmu in ka ce "ina kwana, ya jiki" zai ce da sauƙi ko yana kan gargara. Sai ka iya tambaya. Ni ba na cewa Inna kina faɗuwa? Cewa nake, yanzu a tsaye kike sallah ko a zaune? Yaushe kika koma zama? Wa ke kai miki buta? Daga nan zan gane ƙarfin ƙafa, da jiri, da ko akwai mai kula da ita. Matsalar ita ce layi, mutum 60 na jira a waje, ga abokan aiki sun yi ta ficewa Ingila da Saudiyya. Irin wannan hira tana son lokaci, tsoho kuma ba a yi masa gaggawa.

Sarkin_Yawo:
Duk wannan dogon Turanci. Kakanninmu da sassaƙe da zuma da habbatussauda suka kai shekara 100.

Ummu_Ketu:
Waɗanda suka kai ɗin kake gani, waɗanda ba su kai ba suna maƙabarta ba mai ƙirga su.

Likitan_Iyali:
@Sarkin_Yawo ban hana kowa zuma ba, sai mai suga ya yi hattara. Roƙona ɗaya, a gaya mana abin da ake sha. Jiƙon da ba a san me ke ciki ba, ko namu ko agbo na maƙwabta, ga ƙodar da suga ya riga ya gajiyar, ga diklofenak a kai. Sai a wayi gari ana maganar wankin ƙoda. Ko goron da Baba ya yi rayuwarsa a kai, in ana ci da yamma yana hana barci. Wani lokaci maganin rashin barcin tsoho shi ne a tsayar da goro da shayi daga la'asar, a bar shi ya ɗan taka da rana.

Auwalu_Tela:
Ni masu gashin ƙashi nake so a yaba wa, ba a cika ambatonsu ba. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce. Da aka sallame mu sai muka shimfiɗa mata katifa, komai a yi mata, ko cokali ba ma bari ta ɗaga, a ganinmu biyayya ke nan. Mai gashin da ya fara zuwa gida ya yi mana tatas. Ya ce tausayinku ne zai gurgunta ta. Ya koya mana juya ta duk bayan awa biyu don kar bayanta ya yi gyambo, ya koya mata tashi daga kwance zuwa zaune, daga zaune zuwa tsaye. Ya sa muka ɗaga mata gado, muka kafa ƙarfen dafawa a bayi, muka saya mata kujerar wanka, muka kwashe ledar tsakar ɗaki da ke naɗewa. Yau da sanda take zuwa har bakin ƙofa. Hannun dai bai dawo ba.

Da tofi da gashin muka haɗa, ba wanda ya hana wani.

Malam_Na_Zango:
Tun da an taɓo addini. Ramadan na tafe, kuma rigimar da ake yi da tsofaffi masu suga kowace shekara an san ta. Tsohon da azumi zai cutar da shi Allah ya yi masa rangwame, ya ciyar da miskini a madadin kowace rana, aya ta 184 a Suratul Baƙara. Amma in likitan da ba musulmi ba ya ce kar ya yi, sai ya ce bai san darajar watan ba. In ɗansa ya faɗa, ya ce yaro ne. Mu ya kamata a kawo wa, mu zauna da shi da takardar likita a hannu. Wanda kuma likita ya ce zai iya, a je tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan magani.

Bakatsine_Apapa:
Duk na ji. Amma kuɗin fa? Likitan iyali, mai gashi, hoton kai, gwajin ƙoda. Mai turin baro a Mile 12 da tsohuwa a ɗaki ina zai samo?

Ma'aikaci_Alausa:
Akwai inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, hukumar LASHMA ke gudanar da ita, kuma ta mazauna jihar ce, ba ta 'yan asali kaɗai ba. Mutanenmu da yawa sun ɗauka ba su ciki. A tarayya ma dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshora, kuma akwai Cibiyar Dattawa ta Ƙasa da aka kafa da dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2018. Ba komai inshorar ke biya ba, a tambayi abin da ke ciki kafin a yi rajista. Amma ko ganin likita da maganin wata-wata ta ɗauke maka, ai an rage.

Bakatsine_Apapa:
Doka a takarda. Mu dai mun ji.

Maman_Husna:
Ku yi haƙuri zan fito da abin da ke raina. Ana ta lissafa likita, nas, famasis, mai gashi. Wa ke ba da maganin ƙarfe shida na safe? Wa ke canza famfas? Matar ɗa. Shekara uku ina jinyar surukata a ɗaki biyu a Ijora, da goyo a bayana. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya min yadda ake ɗaga mutum, har bayana ya samu matsala. In mun je asibiti da mijina ake magana, shi da bai san kalar ƙwayoyin ba. Allah ya jiƙanta, ban yi da-na-sani ba, amma a riƙa tambayar wadda ke ɗakin.

Sarkin_Yawo:
To a kai su gidan tsofaffi na Yaba mana, kowa ya huta.

Hajiya_Mile12:
A'uzubillahi. Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Uwar da ta haife ka?

Maman_Husna:
Ba abin da na ce ke nan ba, kar a juya min magana. Cewa na yi a koya mana, kuma 'ya'ya maza su karɓi kwana.

Nas_IdiAraba:
Maman Husna ta fi mu gaskiya. Ranar sallama ya kamata a kira mai jinyar ta ainihi a nuna mata komai da hannu. Ga dabara mai sauƙi ga kowa: littafi ɗaya na 'yan makaranta. Shafin farko sunayen magunguna da lokutansu da wanda ya rubuta. Sauran shafuka awon jini da suga da kwanan wata, da duk ranar da aka faɗi ko aka ƙi abinci. Duk likitan da aka je wurinsa a miƙa masa, a roƙe shi ya rubuta abin da ya canza. Fayil ɗin wannan asibiti ba ya zuwa wancan, littafin nan ne kaɗai ke bin tsoho duk inda ya je.

Ɗan_Zangon_Agege:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana huɗu muka yi, jiya aka sallame mu. Sugansa 58 muka isa da shi. Sun samu ciwon sanyi a fitsari, kuma mafitsarar ba ta zubar da komai duka. Hoton kai lafiya, alhamdulillah. Ƙodar sun ce ta ɗan taɓu, za a sake awo nan da sati biyu. Wata likita ta baje ledar a kan tebur kamar yadda na yi a tabarma, ta cire na gwiwa, ta canza na suga, ta tsayar da ƙaramar ƙwayar safe, na barcin kuma ana janye shi kaɗan-kaɗan. Daga tara mun dawo bakwai. Yau da safe ya kira ni da sunana, har ya tambayi ko mai shago na biyu ya biya. Da magariba dai yakan ɗan koma ruɗewa, sun ce zai iya ɗaukar makonni.

Amma tambayata na nan. Likitar da ta yi wannan aiki ta sashen kwanciya ce, ba ita za mu riƙa gani ba. An ba mu ranar likitan fitsari daban, ta suga daban. Na tambayi batun likitan iyali an ce sai an rubuto mana takarda. Littafin Sista na saya.

Likitan_Iyali:
Madalla. Ka nace a kan takardar, ka kuma nemi a ba ka taƙaitaccen bayanin sallama ka liƙa a littafin. In an je awon jini ka ce a auna shi a kwance sannan a tsaye. A duba masa ido ma, mai suga ya kamata a duba shi duk shekara, kuma yanar ido na cikin abin da ke kayar da su a bayi.

Bakatsine_Apapa:
Alhamdulillah da sauƙi. To yanzu da ya dawo hayyacinsa, ka tambaye shi da kansa, Agege ko Kano?

Ɗan_Zangon_Agege:
Na tambaya. Ya ce sai bayan Sallah zai ba ni amsa. Yaya Babba kuma ya kira ɗazu, wai ya riga ya sa an share ɗaki.

Binta_Obalende:
Ranar likitan fitsarin wa zai raka shi? In kai ne, ka tambaye shi tukuna ko ya fi son wani sa'ansa.